Yadda Ap Gyembo Ya Hau Tsauni

A dogon benen nan da ke bayan kasuwar kayan miya, can gefen Thimphu, akwai wani mutum da ake kira Ap Gyembo. Tsohon direban babbar mota ne. Rabin rayuwarsa a zaune ya yi ta bayan sitiyari, yana hawa da sauka tsakanin Phuentsholing da birni, da ya ajiye aiki kuma sai ya ɗauko zaman nan bai rage komai ba, ya dasa shi gaban talabijin. Tumbi ya yi gaba, wuya ya ɓace. In zai sa gho ɗinsa, rigar mazan ƙasar, da safe, sai matarsa Aum Lhaden ta zagaya bayansa ta kama ɗamarar rigar ta ja, har da tokare bango da ƙafa. In doma, abin taunawarsu mai kama da goro, ta ƙare masa, ba ya iya wuni bai tauna ba, amma tasi yake kira ya kai shi shagon bakin titi, shagon da ake hango rufinsa daga tagarsa.

A baki kuwa, ba a haifi mai tafiyar ƙasa irinsa ba.

"Ni jinin 'yan saƙo ne," haka yake cewa in an taru da yamma a ƙofar shagon Ap Kuenley tela. "Kakana da ƙafa yake ɗauko saƙo daga Trashigang, can ƙarshen ƙasa, ya kawo nan. A zuba masa shayin suja, ya ce a ajiye masa, ya kai amsa ya dawo, shayin bai huce ba."

Kuenley, siriri kamar allurarsa, ko ɗagowa daga kan keken ɗinki bai yi ba. "Ai shi ya sa. Tsohon ya cinye ƙafafun gidanku kaf, bai rage wa jikoki ko ɗan yatsa ba."

"Kai dai yi ɗinkinka, mai wuyan zakara."

Wata safiya Gyembo ya sunkuya zai ɗauki takalmi, jiri ya kwashe shi, ya zauna daɓas a ƙasa. Aum Lhaden ba ta yi dariya ba. Bara haka yayanta ya faɗi, kuma har yau ɓarin jikinsa ɗaya ba ya motsi. Ta tasa mijin nata a gaba, sai asibitin unguwa.

Wata ma'aikaciyar jinya mai fara'a, sunanta Pelden, ta ɗaura masa abin awon jini, ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa.

"Na'urar taku ce ta ruɗe," in ji Gyembo. "Ba ta saba da damtse irin wannan ba."

"Ap, me kake ci da safe?"

"Abin da aka ba ni."

"Da wanda ba a ba shi ba," in ji Lhaden.

Pelden ta gaya masa gaskiya ba ɓoyo. Jininsa ya hau, sukari kuma yana bakin ƙofa. Ya rage gishiri, ya rage man shanu a shayi, ya bar doma, ya riƙa takawa kullum har ya yi gumi. Sannan ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Ba kai kaɗai ba ne, Ap. Rabin mutanen benenku nan nake ganinsu. Kowa daga kujera sai mota, daga mota sai waya. Da za a sami mai jan mutane su riƙa fita tare, da mun huta."

Duk abin da ta faɗa, wannan na ƙarshen kaɗai ya shiga kunnen Gyembo.

Kafin rana ta faɗi ya sayi jajayen takalman gudu da usur mai igiya. Ya tsaya a tsakar benen ya busa, har karnukan unguwa suka amsa. Mutane suka leƙo ta tagogi.

"Jama'a! Asibiti sun bincika unguwar nan kaf, sun ce kun ruɓe! Sun ce mutum ɗaya ne ya rage da jiki, suka roƙe ni in cece ku. Na so in ƙi, suka kusa yin kuka."

Lhaden ta leƙo daga sama. "Gyembo, ka sha maganin da aka ba ka?"

"Na ƙarin ƙarfi ne!" ya faɗa wa jama'a da sauri. "Gobe da sassafe, kowa a filin motsa jiki!"

Filin nan yana bayan bene, da ƙarafuna masu launin rawaya da aka kafa tun tuni. Mata na shanya barkono a kansu, tsofaffi na zama a kai su danna waya. Washegari mutane suka fito, ba don lafiya ba, don kallo. Gyembo ya iso cikin gho da dogayen safa da jajayen takalma, ya kwashe barkonon wata baiwar Allah daga kan wani ƙarfe mai matakai biyu masu lilo, ya hau.

"Wannan na buɗe cinya ne. Ku lura da yadda gwani ke yi."

Ya tura ƙafar dama gaba, ta hagu ta yi baya da kanta. Ya ja ta hagu, ta dama ta tsere. Ƙarfen ya ga an tashe shi daga barci, ya kama aiki ba ji ba gani. Gyembo ya ƙanƙame mariƙi, ido ya fito, ƙafafu na wuce juna kamar almakashi.

"Haka ake yi!" ya yi ihu. "Da gangan ne! Kuenley, zo ka ga yadda ake tsayar da shi!"

"Ina gani daga nan, ci gaba!"

"Ka zo kusa, na ce!"

Sai aka ji ƙyaaat. Gho ya tsage daga baya tun daga ƙasa har ɗamara. Mata suka rufe baki da hannu, amma ba su rufe ido ba. Ana cikin haka sai ga Angay Yangzom, tsohuwar da ta girmi kowa a benen, tana dawowa daga zagayen hasumiyar ibada da take yi kowace safiya, tana juya 'yar gangar addu'arta a hannu. Ba ta ko tsaya ba. Ta soka sandarta tsakanin ƙarafunan, abin ya tsaya cak, ta zare sandar ta wuce.

"Ɗana, ka rufe bayanka, akwai iska," in ji ta.

Gyembo ya sauko, ya kama bayan rigarsa. "Darasin yau ya ƙare. Kun ga dai illar sa tsohuwar riga wajen motsa jiki. Don ku na yi."

Daga ranar ya gane cewa shugaba ba ya hawa ƙarfe. Shugaba doka yake kafawa. Ya hana suja mai man shanu, ya hana doma, ya hana momo, curin fulawar nan mai nama a ciki, ya naɗa kansa mai bincike. Da safe sai ya bi ƙofa ƙofa yana shinshina.

Ƙwan ƙwan ƙwan. "Aum Zangmo, buɗe. Ina jin ƙanshin laifi."

"Ap Gyembo, ruwan zafi ne kawai."

"Ruwan zafi da maiƙo a sama? Kawo nan. Wannan guba ce."

"To zubar da shi za ka yi?"

"Zubar da abinci zunubi ne. Ni zan ɗauki cutar a madadinki." Ya ɗaga kofi ya shanye, ya miƙa. "Akwai saura a tukunya? Kada ki ɓoye wa hukuma."

A gida na gaba ya kama momo masu zafi, ya tura su cikin gaban rigarsa, inda gho ke yin babban aljihu saman ɗamara, ya zauna a kan matakala ya hukunta su ɗaya bayan ɗaya. A na gaba ya ƙwace doma. Kafin ya gama zagaye, bakinsa ya yi ja, haɓarsa na ƙyalli.

Mutane suka rasa yadda za su yi da shi. Kuenley ne ya fara gano dabara: in ba ka gida, ba a bincikenka. Sai ya riƙa sulalewa da sassafe ya bi bayan Angay Yangzom zagayen hasumiya. Aum Zangmo ta bi. Maƙwabcinta mai aikin ofis ya bi, da wayarsa a hannu, har ya gaji da karo da mutane ya jefa ta aljihu. Kafin wata ya juya, in Gyembo ya fito bincike sai ya tarar da kwaɗo a kowace ƙofa. Har Lhaden ta bi su. Daga zagaye suka fara ƙarawa da bakin kogi, suna tafe suna gulmarsa, gulmar kuwa daɗi gare ta, ba sa sanin sun yi nisa.

Ranar da aka koma awo, Pelden ta yi ta murna. Jinin Zangmo ya sauka. Mai aikin ofis ya ƙara huda a ɗamararsa. Da Gyembo ya hau ma'auni kuwa, allurar ta yi tafiyar da bai taɓa yi ba.

"Ap, ƙaruwa ka yi."

"Tsoka ce. Tsoka ta fi kitse nauyi, ke ma kin sani."

"Tsokar momo," in ji Kuenley daga kan benci.

Gyembo ya juyo. "Ka ce me? Kai da iska ke ɗauka in an buɗe taga? Duk lafiyar nan da kuka samu, wa ya ba ku ita?"

"Kai ne, gaskiya. Gudunka muke yi." Aka fashe da dariya. Kuenley ya gyara zama. "Tunda kai ne jikan 'yan saƙo, ga ranar ibada nan tafe. Mun yi niyyar hawa gidan ibadar kan tsauni da ƙafa. Ka zo ka nuna mana hanya."

"In nuna muku hanya? Ni zan riga ku isa! Kafin ku kai rabi na gaisa da sufaye, na kunna fitila, na sa an ɗora muku shayi. Pelden, ki zo ki shaida. A kira wakilin unguwa ma. A zo da masu ɗaukar hoto!"

Da suka fito, ya ɗaga kai ya dubi tsaunin. Can ƙololuwa, gidan ibadar ya yi fari ƙal kamar ƙwayar shinkafa a kan hular mutum.

"Gyembo," in ji Lhaden a hankali, "ka bi mu sannu sannu. Inda ka gaji mu zauna. Ba wanda zai ce komai."

"Ni? Sannu sannu? Mace, kin manta wa kika aura."

"Ban manta ba. Shi ya sa."

Ana gobe tafiya ya ɗauki tasi a ɓoye ya je gindin tsaunin wajen wani manomi, Dago, wanda ke kai wa sufaye kayan abinci a bayan alfadararsa. Baƙa ce wuluk, da ƙararrawa a wuya, da ido irin na wanda ya ga duniya bai yaba ba. Sunanta Nagmo. Suka shirya Dago zai ɗaure ta a cikin itatuwan da ke gefen hanya, inda ba mai gani, ya yi tafiyarsa.

"Amma Ap, akwai abin da ya kamata ka sani game da ita," in ji Dago. "Ita fa hanya..."

"Dago, na tuƙa mota mai tayoyi fiye da haƙoran bakinka a kan hanyar da gajimare ke ƙasa da ni. Jaka ce za ta gagare ni?"

"Alfadara ce. Kuma ba ta..."

"Ka ɗaure ta kawai."

Dago ya dubi Nagmo, Nagmo ta dubi tumbin Gyembo.

Ranar ta zo da rana mai kyau. Mutanen bene suka taru a gindin tsauni, kowa da ƙunshinsa. Pelden ta zo, wakilin unguwa ya zo da sabon gho, matasa suka ɗaga wayoyi. Gyembo ya hau kan dutse, gaban rigarsa ya kumbura fiye da kullum, ya yi jawabi a kan lalacewar zamani har wakilin unguwa ya fara hamma.

"Ku bi babbar hanya, ita ce ta masu koyo. Ni ta 'yan saƙo zan bi, miƙe ta cikin daji. Kada wanda ya biyo ni, ba na son ɗaukar gawa."

Ya cusa usur a baki ya busa, ya faɗa cikin itatuwa da gudu. Gudun ya ƙare a bayan bishiyar farko. Daga nan da rarrafe ya ƙarasa inda Nagmo take.

Hawan kansa yaƙi ne. Ya ɗaga ƙafa, ba ta kai ba. Ya ja ta kusa da kututture, ya hau kututturen, ta matsa. Ya sake ja, ta sake matsawa. Daga ƙarshe ya faɗa mata a baya kamar buhu, ya yi ta mutsu mutsu har ya daidaita a kan shimfiɗar kaya, ya kwance igiya.

"Yauwa. Miƙe sama, ta cikin daji."

Nagmo ta juya hagu.

"Ba nan ba! Sama!" Ya ja igiya. Ta ƙara juyawa hagu, ta ratsa ciyayi, ta sauka kan babbar hanya, hanyar da take bi tun tana ƙarama, wadda ba ta san wata ba. Ƙararrawa ta kama: ƙilin, ƙilin, ƙilin. Can gaba kaɗan, ga bayan mutanen bene suna hawa.

Gyembo ya sunkuya zai damƙe ƙararrawar, ya kusa zamewa, ya rungume wuyan alfadara. Usur na bakinsa, ya manta da shi. Haki ya taso masa, kuma duk numfashin da ya fitar sai usur ya ce fiit. Fiit. Fiit. Dago kuwa da fito yake korar ta in yana so ta yi sauri. Nagmo ta miƙe kunnuwa, ta ɗauka yau gaggawa ake yi, ta zuba a guje.

"Ku kauce, kayan sufaye!" wani ya faɗa daga baya, jama'a suka dare biyu kamar yadda aka saba.

Kayan sufaye suka wuce ta tsakiyarsu da jajayen takalma.

Sai Aum Zangmo ta ce, "Yalama! Ap Gyembo ne!"

Gyembo ya tofar da usur. "Sato ni ta yi! Ina cikin gudu ta shiga ƙarƙashina!"

"Ashe kakanka ƙafa huɗu gare shi!" Kuenley ya ƙwala masa.

"Gwada ta nake yi! Duba lafiyarta nake yi! Ku tsayar da itaaa!"

Momo suka fara zubowa daga gaban rigarsa, ɗaya a nan, ɗaya a can, suna gangarawa. Karnukan da suka biyo jama'a daga gari suka ce me za su jira, suka rufa wa alfadara baya. Ta ji haushin karnuka a bayanta, ta ƙara mai. Mutanen bene kuwa ba wanda ya yarda a ba shi labarin ƙarshen wannan abu. Suka kwasa da gudu. Mai aikin ofis na gudu, Zangmo ta tattare zani tana gudu, wakilin unguwa na gudu yana dariya yana riƙe ciki. Lhaden ce a gaba, ita kaɗai ba ta dariya. Angay Yangzom ta ci gaba da takunta yadda ta fara, tana juya gangarta.

A ƙololuwa Nagmo ba ta bi ta babbar ƙofa ba. Ta zagaya baya, ta tsaya cak a bakin madafa, inda take sauke kaya. Sufin da ke dafa abinci, wani dattijo mai raunin gani, ya ji ƙararrawa ya fito yana magana da na ciki ta kafaɗa. Hannunsa ya san aikinsa. Ya laluba cikin alfadara, ya fizge igiyar shimfiɗa.

"Tsaya, tsaya, mutum ne!" in ji Gyembo.

Shimfiɗa ta juya. A gefen kuwa an wanke babbar tukunyar tagulla da ake dafa shayin taro, an ajiye ta ta sha iska. Gyembo ya faɗa cikinta ta mazaunai, fam, kamar an auna. Gwiwoyi suka haɗu da haɓa, jajayen takalma suka dubi sama.

Sufin ya matso da fuska kusa, ya ƙura ido. "Shinkafa muka ce wa Dago."

Nagmo ta ji bayanta sakayau, ta juya ta kama hanyar gida.

Sufaye suka fito, suka ja hannu, tukunya ta biyo. Suka riƙe tukunya suka ja ƙafa, takalmi ya fita, mutum bai fita ba. Suna cikin haka jama'a suka iso, jiƙe da gumi, suna haki, wayoyi a sama.

"Sannunku da zuwa," in ji Gyembo daga cikin tukunya, da murya a matse. "Na ce zan riga ku ko ban ce ba?"

"Ka ce za ka sa a ɗora mana shayi," in ji Kuenley, yana share hawaye. "Ba mu san kai ne ganyen ba. A kawo itace!"

Lhaden ta ture Kuenley ta durƙusa gaban mijinta. "Kanka na juyawa? Kana jin hannunka? Matsa yatsana." Ya matsa. Pelden ta kama wuyan hannunsa ta ji bugun jini, ta ce ba abin da ya same shi sai tsoro. Sai a lokacin Lhaden ta zauna a ƙasa, dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har da buga cinya.

Aka gwada kifa tukunyar, ya yi ihu. Aka gwada mirgina ta, ya zagi kakannin Kuenley. Wakilin unguwa ya kawo shawarar a kira maƙeri, babban sufi ya ce tukunyar ta girmi kowa a wurin, in dai za a yanka wani abu, ba ita ba ce.

Sai ga Angay Yangzom ta iso, numfashinta lafiya lau. Ta dubi tukunya, ta dubi abin da ke ciki. Ta kwance ƙunshinta ta fito da curin man shanun da ta kawo don fitilun ibada.

"Ku shafe shi."

"Angay, man shanu haramtacce ne a ƙungiya," in ji Kuenley. "Sai shugaba ya ba da izini."

"Shugaba," in ji Zangmo, "a shafa ko a bari?"

"A shafa," in ji tukunya.

"Ba mu ji ba."

"A shafa, na ce!"

Aka narka man, aka tsiyaya ta gefe gefe. Sufaye suka riƙe tukunya, mazan bene suka kama hannu da ƙafa, Kuenley ya ɗauki usur ya busa. Aka ja. Aka ji ɓulluƙ, Gyembo ya fito kamar an haife shi, ya tafi da wakilin unguwa ƙasa, sabon gho ya sha mai.

Bayan an yi ibada an ci abinci, aka fara haramar sauka. Gyembo ya waiga hagu, ya waiga dama.

"Ina alfadarar?"

"Ta tafi gida tun ɗazu," in ji sufi mai dafa abinci. "Ko tana nan ma, ba a hawanta a gangara."

Gyembo ya je bakin tudu ya leƙa. Thimphu na can ƙasa, gidaje kamar an watsa tsakuwa. Da ya yi magana, Lhaden kaɗai ta ji.

"Ba zan iya ba."

"Za ka iya. Kama nan." Ta miƙa masa hannu. Angay Yangzom ta miƙa masa sandarta ta ɗaya gefen, ta ce ita ba ta bukatarta a gangara.

Haka suka sauko. Ya taka, ya tsaya, ya yi nishi, ya taka. Karnuka na biye suna lasar gefen rigarsa. Ya zauna a kan kowane dutse mai faɗi, ya yi wa Dago baki, ya yi wa Nagmo baki, ya yi wa wanda ya fara gina gidan ibada a kan tsauni tambayoyi. Gumi ya wanke man shanun. Amma jiri bai ɗauke shi ba, ƙafafun kuma, ga mamakinsa, suka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya.

A gindin tsauni ya tarar ba wanda ya tafi gida. Duk suna zaune a bakin hanya suna jira. Da suka hango jajayen takalma sun fito daga cikin itatuwa, Kuenley ne ya fara tafi, saura suka ɗauka. Gyembo ya saki hannun matarsa, ya gyara ɗamara, ya ɗaga hannu zai yi jawabi. Ya buɗe baki, iska kawai ta fito. Ya sake buɗewa, haka.

"Ku bar shi," in ji Angay Yangzom. "Yau ya yi magana mai ma'ana."

A makon nan ƙungiya ta zauna a shagon Kuenley, ta naɗa Angay shugaba, ta soke bincike gida gida. Gyembo aka ba shi muƙamin mai tsaron baya. Ya karɓa, ya ce dama a tafiyar daji wanda ya fi kowa ƙarfi ake sa wa a baya, saboda damisa.

Yanzu kowace safiya za ka gan su a bakin kogi, tsohuwa a gaba, jama'a a tsakiya, can baya Aum Lhaden da mijinta, yana haki yana ba ta labari. Rannan wani baƙo da ya ga hoton a waya ya tsayar da shi ya ce, "Ap, ba kai ne na cikin tukunya ba?"

Gyembo ya tsaya, ya dube shi sama da ƙasa.

"Ni ne. Kai ka taɓa sa unguwa guda ta hau tsauni da gudu? To matsa, kana tare mini hanya."